Wasan Taubasai a Gaban Kwamiti

Ku 'ya'yana, babu wanda bai san labarin ranar da na kira Babanku Ɗahiru bawana a gaban kwamitin jami'a ba. Duk Sallah idan aka taru a Gwaram sai wani ya tono shi, a yi ta dariya, a ce Turanci ya ɓata wasan taubasai. Ni ma nakan yi dariyar, wani lokaci har in ƙara wa labarin gishiri. To, yanzu da rubutun nan ya kawo ni wannan shekara, na ga ba zan iya tsallake ta ba, kuma ba zan iya rubuta ta yadda kuka saba ji ba. Abin da na yi ran nan ba wasa ba ne. Hassada ce, kuma da gangan na yi.

Gwaggo Hansai, mahaifiyar Ɗahiru, ƙanwar Baba ce ciki ɗaya, aka aurar da ita Birnin Kudu. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, ka ga taubasai ke nan. A wasan nan ni ne ubangida, shi ne bawa, kuma babu maganar da ɗaya ba zai yaɓa wa ɗaya ba, a gaban kowa, ba fushi ba kai ƙara. Na girme shi da shekara biyu, kuma komai ni nake fara yi. Ni na fara shiga jami'a a danginmu, ni na fara hawa jirgi zuwa ƙasar Turawa, ni na dawo da digirin injiniya da mota, aka ba ni koyarwa. Shi kuwa jarrabawa ba ta yi masa kyau ba da farko, sai ya shiga ma'aikatar ruwa, yana yawo ƙauye-ƙauye a kan babur yana kafa injin famfo. A lokacin ina son Ɗahiru ƙwarai, ina ba shi tsofaffin littattafaina da rigunan da suka yi mini kaɗan. Sai da na tsufa na gane cewa rabin son nan saboda yana ƙasa da ni ne. Daga baya ya sake jarrabawa, ya samu, shi ma aka tura shi waje, ya dawo aka ajiye shi a tsangayar da nake, ofishinsa na kallon nawa. Kafin shekara biyu ɗalibai sun fara yin layi a ƙofarsa. Ni ina zaune ƙofata a buɗe, ina jin dariyarsu, ina ce wa kaina ai malamin da ake yi wa layi malami ne mai araha.

Shekarun nan ne kuɗin fetur ya shigo, muna cikin Jihar Kano tukuna. Gwamnati ta dinga jido injuna tana zubawa a ƙauyuka: tarakta, janareta, injin famfo, injin niƙa. A zo da makaɗa a buɗe, a tafa, kafin shekara ta zagayo inji ya mutu, awaki sun samu inuwa. Abin ya dami manya, sai aka ce tsangayarmu ta buɗe sabon fanni, wanda muka riƙa kira injiniyancin tsari. Shi wannan fanni ba inji kaɗai yake kallo ba. Yana kallon injin tare da duk abin da ke riƙe da shi, man da zai sha, hanyar da man zai biyo, wanda zai gyara, wanda zai yi amfani da shi. Shugaban tsangayarmu wani farfesa ne mutumin Kudu, dattijo mai gaskiya, Allah ya sani ban taɓa kama shi da son kai ba. Ya kira mu ni da Ɗahiru ya ce kowa ya rubuto manhaja, wato abin da za a koya wa ɗalibi tun daga shekarar farko har ya fita. Kwamiti zai duba, wanda aka ɗauki tasa shi zai shugabanci sabon sashen. Ni a raina an gama magana, don wa zai ba bawa kujera ubangidansa na tsaye?

Tawa manhajar mako biyu ta ɗauke ni. Na aika aka kawo mini tsarin karatun jami'o'i uku na waje, na tsinci nan na tsinci can, na jera lissafi bisa lissafi, da darasin sarrafa injuna, da na na'ura mai ƙwaƙwalwa da ko ganinta yawancinmu ba mu yi ba. Ba ta da aibu, har yau ina nan a kan haka. Sai dai za ka iya ɗaukarta ka koyar a kowace ƙasa ta duniya, ɗalibi ya gama bai san akwai wani gari Gwaram ba. Shi kuwa Ɗahiru wata guda ya wuce bai rubuta ko layi ɗaya ba. Idan na tsokane shi sai ya ce yana tunani, in ce masa bawa da tunani ai ɓata lokaci ne.

Da aka ba da hutu cikin rani muka taho gida a motata. Na ɗauka zan sauke shi Birnin Kudu wajen Gwaggo, sai ya ce in daure in kai shi Basirka, akwai injin da yake son gani. Muka tarar da tanki a sama ba ɗigon ruwa, mata sun koma tsohuwar rijiya da guga. Aka nemo mai riƙe da makullin ɗakin inji, na tuɓe babbar riga na duba, ban yi minti goma ba na ga bel ne, wato ɗamarar robar da ke juya injin, ya tsinke. Na goge hannu na ce mu tafi. Na waiwaya sai na ga Ɗahiru ya cire takalmi ya zauna a tabarma gaban mai unguwa. Ya tambaye shi wa ke sayo man gas, kuma daga ina. Ya tambayi inda ake samun bel, aka ce sai Kano. Ya tambaya idan damina ta yanke hanya kwana nawa ake yi mota ba ta shigo ba, kuma idan mai makulli ya tafi gona wa ke tayar da inji. Ya sa aka kira wata tsohuwa ya tambaye ta wane lokaci mata suka fi zuwa ɗiban ruwa, ya sa aka kira wani makiyayi ya tambaye shi yaushe shanu ke sauka sha. Ina jingine da mota rana na dukana har aka kira azahar.

A hanya ya ce mini, “Isyaku, kai ka ga bel ya tsinke. Ni abin da na gani shi ne an kafa inji a garin da ba a sayar da bel, aka damƙa makulli a hannun mutum ɗaya mai gona a nesa. Ko ka sa sabon bel yau, injin nan matacce ne.”

Daga nan ya ɗauko maganar Zandam. Na san labarin, kowa a dangi ya sani. Farkon shigarsa ma'aikata an tura shi can, ya ɗora ƙaton inji a kan rijiyar gari, rani ɗaya rijiyar ta ƙafe, mutane suka koma tafiya mai nisa neman ruwa, suka sa masa suna Injiniya Ƙafau. Na sha kiransa da sunan nan yana dariya. Amma ran nan bai yi dariya ba. Ya ce ya ƙirga mutanen gari bai ƙirga shanun makiyaya ba, kuma bai tambayi ko tsoho ɗaya ba tsawon lokacin da rijiyar ke ɗauka kafin ta mayar da ruwanta, alhali kowa a garin ya sani. Ya ce babu littafin da ya karanta da ya ce masa ya tambaya. Daga nan manhajarsa ta fito. Darasin farko a shekarar farko shi ne yadda injiniya zai zauna a tabarma ya yi tambaya. Lissafi na nan, bai rage komai ba. Amma a shekara ta uku kowane ɗalibi zai yi rani guda cur a ƙauye ɗaya, ya bi inji ɗaya, ba za a ce ya ci ba sai ya zana a takarda duk abin da ke raya injin nan da duk abin da zai iya kashe shi. Ina tuƙi ina ji, kafin mu shiga Gwaram na san tasa ta fi tawa nesa ba kusa ba. Wani abu ya tokare mini ƙirji, na ce masa ai wannan ba jami'a ba ce, yawon talla ne.

Abin da ya ƙarasa ni a zauren Baba ya faru, bayan la'asar. Baba manomi ne, ko harafin boko ɗaya bai sani ba, amma yana son a ba shi labarin aikinmu. Ɗahiru ya gurfana ya yi masa bayanin manhajar da Hausa, da misalin gero: iri kaɗai ba ya cika rumbu, sai an dubi ƙasa, da ruwa, da hannun da zai yi noma, da jakin da zai ɗauko. Baba yana ta gyaɗa kai, har ya ajiye carbinsa.

Ya ce, “To, wannan karatu ko ni na gane shi. Kai Isyaku shekara nawa kana yi mini bayanin naka, ban taɓa kama ko jelarsa ba. Allah ya yi maka albarka, ɗan Hansai.”

Zaure ya ɗauki dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta zauna mini a rai kamar tsakuwa a takalmi. Ni ne ɗansa. Ni na fara kawo masa rediyo, ni na rufa masa ɗaki da kwano, kuma ban taɓa ganin ya ajiye carbi don maganata ba. Da muka koma bakin aiki abinci ya daina yi mini daɗi. Idan na ji muryar Ɗahiru a baranda sai in tashi in rufe ƙofa. Mahaifiyarku ta lura, ta tambaye ni ko Ɗahiru ne ke damuna, na daka mata tsawa na ce mace ba ruwanta da maganar jami'a. Ban kira abin hassada ba a lokacin. Na kira shi kishin ilimi, na ce ina kare martabar tsangaya ne kada a mayar da ita makarantar bakanikai.

Ranar kwamiti mu bakwai ne a ɗakin. Hausawa uku kawai: ni, da Ɗahiru, da wani Malam Garba na sashen lantarki. Sauran su ne shugaban tsangaya, da malamai biyu da ba 'yan Arewa ba, da wani Bature da aka gayyato daga waje don ya ba da shawara, wanda kowa ya san bakinsa ne zai yanke. Na gabatar da tawa, aka ce madalla, ba wanda ya yi tambaya. Ɗahiru ya tashi. Yana magana Baturen nan yana rubutu ba ɗagawa, har ya juya shafi. Aka tambaye shi wa zai kula da ɗalibai a ƙauye, ya ce shi da kansa, don ya yi shekaru yana wannan aiki kuma ya san garuruwan. A nan na ɗaga hannu. Kwana uku na yi ina sassaƙa maganar, na san inda zan yi dariya da inda zan tsaya. Da Turanci na faɗe ta, ina murmushi.

Na ce, “Ranka ya daɗe, wannan da kuke gani bawana ne, na san shi tun yana yawo ba wando. Kafin ku damƙa masa 'ya'yan mutane, ku tambaye shi rijiyar Zandam da ya kashe, da sunan da garin suka sa masa.”

Malam Garba ya tuntsire da dariya. Ɗahiru ma ya yi dariya, ya ce da Hausa, “Ubangida, har a nan ma?” Sauran huɗun ba wanda ya motsa. Su ba su san taubashi ba. Abin da suka ji shi ne babban malami, ɗan'uwan mutum na jini, ya tashi ya shaida cewa mutumin nan ya kashe rijiyar gari guda kuma bai faɗa ba. Na san haka za su ji, don haka na zaɓi Turanci. Ɗahiru ya yi ƙoƙarin bayyana cewa ai daga kuskuren Zandam ɗin manhajar ta fito, amma da yake ni na riga shi faɗa, sai maganarsa ta zama kamar ta mai kare kansa. Malam Garba ya shiga bayanin kalmar bawa, ya ƙara dagula abin. Baturen ya rufe littafinsa.

Wannan kuka sani. Ga abin da ba ku sani ba. Washegari da safe shugaban tsangaya ya kira ni ofishinsa ni kaɗai. Ya ce Malam Garba ya gaya masa wai al'adarmu ce, irin 'yan'uwan nan suna zagin juna don wasa. Ya ce shi ba ya son ya zalunci kowa saboda rashin sanin al'ada, in gaya masa tsakani da Allah, wasa nake yi ko kuwa ina da shakka a kan Ɗahiru? Kalma ɗaya ta isa. Da na ce wasa ne, da an wuce wurin. Na dubi teburinsa na ce, “Abin da na faɗa ya faru.” Ban ƙara ba, ban rage ba. Ban yi ƙarya ba, kuma shekaru da yawa da wannan na riƙa lallashin kaina. Aka ɗauki manhajata, aka ba ni kujera. Don kada a ce an watsar da Ɗahiru gaba ɗaya, aka mayar da raninsa na ƙauye ziyarar mako biyu, ita ma a shekara ta biyu aka ce babu mota, ta bi ruwa.

Ɗahiru ne ya fara shigowa ofishina ya yi mini murna. Shi ne kuma ya kai labarin gida, ya mayar da shi abin dariya, yana kwaikwayon fuskar Bature da yadda Malam Garba ke gumi yana fassara. Gwaggo Hansai ta riƙe haɓa ta ce, “Allah ya shirye ka Isyaku, ana wasan taubasai da Turanci?” Baba ya yi dariya har da tari. Mahaifiyarku kaɗai ce ban taɓa ganin ta yi dariyar labarin nan ba, idan aka fara sai ta tashi ta shiga madafa. Ƙarshen shekarar Ɗahiru ya ajiye koyarwa, ya koma aikin ruwa, ya zauna Birnin Kudu. Ya ce alli yana sa shi tari.

Na koyar da manhajata shekara da shekaru. Na yaye yara masu kaifin lissafi, wasu sun yi nisa, ba na raina su. Amma akwai wanda aka tura garin Sara gyaran inji, ɗalibina na hannun dama, ya canja abin da ya lalace ya dawo ya rubuta rahoto mai kyau, bayan wata biyu injin ya sake mutuwa. Ɗahiru ne ya je a kan babur ya zauna da mutanen, ya sa aka yi makulli biyu, ya shawo kan wani mai shago ya riƙa ajiye kayan gyara. Kuna tsammani da na samu kujera abin da ke ƙirjina ya sauka? Ƙaruwa ya yi. Na zama farfesa, amma idan muka shiga kasuwar Gwaram tare, mutanen Sara da Basirka, har da na Zandam ɗin da suka sa masa suna, shi suke rugowa su gaisar, su ce Injiniya. Ni kuma a nuna ni a ce wannan yayan Injiniya ne, yana koyarwa a birni.

Baba ya rasu, Gwaggo ta bi shi, mu ma muka tsufa. Bara, da na ƙudura yin rubutun nan, na ce bai kamata ku karanta abin da shi mai abin bai ji daga bakina ba. Na sa aka kai ni Birnin Kudu da hantsi. Na same shi a ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya, ya miƙe ƙafa. Ban bari ya fara tsokana ba. Na gaya masa komai, da kwana ukun da na yi ina shirya maganar, da tambayar shugaban tsangaya, da amsar da na bayar. Ina magana yana kallon hanya. Da na gama ya juyo ya dube ni.

Ya ce, “Na sani.”

Na ce, “Tun yaushe?”

Ya ce, “Tun kafin ka rufe bakinka. Tun muna yara muke wasan nan, a jami'ar ma kullum muna yi. Ka taɓa yi mini shi da Turanci in ba ran nan ba?”

Na tambaye shi, to me ya sa ya kai labarin gida yana dariya, ya bar kowa yana dariya duk shekarun nan.

Ya ce, “Inna da Kawu suna da rai. Da na ce ba wasa ba ne, da Inna ba ta ƙara taka Gwaram ba har ta mutu, shi kuma Kawu da ciwon ya kwantar da shi. Manhaja ce ta fi su? Ni na yafe maka tun a makon, kai ne dai ba ka zo ka karɓa ba.”

Ya leƙa cikin gida ya ce a damo mana fura, ya dawo yana tambayata gwiwata da likitan da nake gani. Na sha furar, muka yi azahar tare, ya rako ni har bakin mota.

Ya kamata in ce muku na fito da zuciya wasai. Ba haka aka yi ba. Mun ɗauki hanyar Gwaram ke nan na ji abin nan ya sake tokare mini ƙirji, shi ɗin dai, bai tsufa ba ko kaɗan. Duk tsawon shekarun nan ina ganin ko ba komai akwai abu ɗaya da na sani Ɗahiru bai sani ba, ashe tare muke ɗauke da shi, ni ina ɓoyewa don kaina, shi yana ɓoyewa don iyayenmu. Ko a nan ma ya fi ni, kuma na ji haushin hakan. Na yi ta istigfari har muka shiga gari, bai sauka ba.